Kashi Goma Sha Biyu

A Alappuzha, inda ruwa ne titi,
uwata Kunjipennu tana fasa kwakwa tun asuba.
Ruwan na mai ƙishi ne, tsokar ta masu tatsar mai,
zaren na masu tufkar igiya.
Ɓawon kuwa a tara shi bakin rafi a cinna masa wuta.
Shekara ashirin hayaƙinsa yana shiga idona,
ban taɓa tambayarsa abin da ya iya ba.

Yau ga ni a hawa na uku cikin farar riga,
da buhu biyu na ɓawon nan a ƙarƙashin tebur.
Shibu ya farfasa, inji ya niƙa,
na tankaɗe har hancina ya koma ruwan ƙasa.
Na wanke garin da ruwan soda ya saki maiƙonsa,
don danƙo ba ya riƙe abu mai santsi.
Saura shanya, sai damina ta sauka.
Kwana tara rana ba ta leƙo ba,
garin da ya sha danshi kuma kumfa yake haifa,
kumfa ita ce kabarin allo.

Zaren gilashi ɗan gata ne,
a jirgin ruwa ya zo, da takardunsa da tsadarsa.
Danƙon roba ya rungume shi, su daskare tare,
amma rungumar ba ta cika ba.
Akwai 'yan giɓin da ido ba ya gani,
ta nan tsaga take fara rarrafe
ranar da igiyar ruwa ta mari gefen kwalekwale.
Can nake son aika garin uwata ya zauna.

Kashi biyar cikin ɗari na fara zubawa.
Injin ja ya cije allon da haƙoransa biyu,
allon ya ɗan yi gardama kafin ya karye.
Sai na yi haɗama, na zuba ashirin.
Garin ya yi gudaji, danƙon ya kasa jiƙa shi,
ƙas! tun kafin Shibu ya ajiye kofin shayinsa.
Na rubuta lambar da hannu mai nauyi,
na tafi gida ban ci abinci ba.

Allo arba'in da ɗaya muka karya.
Na san muryar kowanne:
wani ya yi ƙara kamar busasshen reshe,
wani ya daɗe yana nishi, zare yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.
Na sha biyu shi ne ya tsaya.
Allurar ta hau, ta wuce inda ta saba juyowa,
ta ci gaba da hawa,
Shibu ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

Na kai wa ubana Velayudhan guntu ɗaya.
Ya ƙwanƙwasa, ya sansana, ya kara a kunne.
Ya ce, "Abin da muke ƙonawa?"
Ya gitta shi kan duwatsu biyu ya hau da ƙafa,
ya yi tsalle, tsoho da shi.
Bai yaba ba. Ya dai ɗaure shi a kwalekwalensa
daidai inda yake zama.

Ban san abin da gishiri zai yi masa ba
bayan damina biyar.
Akwai guntaye shida a bokitin ruwan rafinmu,
kowace Litinin nakan tsamo su, in goge, in auna
nawa suka sha.

Jiya uwata ta kira ni.
Ta ce ta daina cinna wutar,
tulin ya kai tagar ɗaki,
kuma tana son jin nawa ake sayen buhu.